Idan Rumbun Kwamfuta Ya Fara Tari, A Ceci Littafin Bashi Tun Bai Zama Mushe Ba

Daga Zango, Wagadugu

 

Duk wanda ya daɗe cikin wannan sana'a tamu ya san dukiyar falke kashi biyu ce. Akwai wadda ke tsaye da ƙafa huɗu a kara, akwai kuma wadda ke kwance a rubuce, kuma sau da yawa ta kwancen ta fi ta tsayen yawa. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Mahauci ya ɗauki bijimai uku ya ba da kafin alƙalami, saura sai ya sayar da nama. Maigida ya tsaya masa. Mai mota an ba shi rabin kuɗin lodi, ciko sai ya sauke. Ga la'adar dillali, ga kuɗin takardar likitan dabbobi, ga na duwan a Dakola ko Niyangoloko. Wani lissafin da sefa, wani da sidi, wani da naira. Ranar da aka rubuta bashi ma kanta kuɗi ce, don waɗanda suka ga yadda aka karya darajar sefa da rabi cikin Janairu 1994, da yadda Gana ta yanke wa sidi sifiri huɗu a 2007, sun san abin da nake nufi.

To, a yau gidaje da yawa sun kwashe wannan lissafi daga babban littafi sun zuba shi cikin kwamfutar hannu. Yaron gida ne ke zama da dare yana shigar da shi a Excel, tare da hotunan rasit da na takardun shanu. Abu ne mai kyau, amma fa mafi yawan kwamfutocin nan na hannu ne, irin waɗanda a nan Wagadugu ake yi wa kirari da "France au revoir". Sun riga sun sha aiki a Turai kafin su iso mu. Ranar da rumbun cikinsu ya gaza, maigida zai wayi gari yana bin mutane miliyoyi amma bai san wa da wa ba, nawa da nawa.

Abin da garin nan ya koya mana

Mu mutanen Wagadugu ba baƙin asarar takardu ba ne. A ranar 27 ga Mayu 2003 gobara ta cinye babbar kasuwar Rood Woko, ba a sake buɗe ta ba sai 2009. Cikin wannan shekara ta 2003 ɗin kuma aka rushe tsohon Zangonmu, wanda Mosawa ke kira Zangwetin, tare da unguwannin da ke maƙwabtaka da shi, saboda aikin ZACA, aka mai da jama'a Waga 2000 da Niyoko. Duk wanda ya taɓa tashin gaggawa ya san akwatin takardu shi ne ke fara ɓata. Sa'an nan ranar 1 ga Satumba 2009 aka tafka ruwan da ya kai milimita 263 cikin yini guda, mutum wajen 150,000 suka shiga halin ni-'yasu, har ma'ajiyar finafinan Afirka da ke hedkwatar FESPACO ruwa ya shige ta ya ɓata kaya.

Wuta, ruwa, da ƙaura, duk ido yana ganin zuwansu. Shi kuwa rumbun kwamfuta a ɓoye yake ciwonsa, cikin ɗaki, ba hayaƙi ba ambaliya.

Mene ne wannan rumbu?

Masu gyara a nan suna ce masa diski-dir. Wani ɗan akwatin ƙarfe ne da bai fi tafin hannu ba. A cikinsa akwai faifai mai ƙyalli kamar madubi, an shafe shi da sinadarin maganaɗisu, yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, watau na kwamfutar hannu yakan yi zagaye 90 kafin ka ƙifta ido ka ce "ɗaya". A bisa faifan akwai wani ɗan hannu mai ɗauke da allurar karatu da rubutu. Ita wannan allura ba ta taɓa faifan, iskar juyawarsa ce ke ɗauke da ita, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi silin gashi ƙanƙanta sau dubbai. Ke nan ƙwayar ƙura guda a wurinta dutse ce a tsakiyar hanya.

Na farkon irinsa kamfanin IBM ne ya fito da shi a Amurka a 1956. Faifai 50 gare shi, kowane faɗinsa inci 24, nauyinsa ya kai na bijimai uku, alhali abin da yake ɗauka bai wuce hoto ɗaya ko biyu na wayar yanzu ba. Yau na cikin jakar yaronka yana ɗaukar lissafin kara gaba ɗaya na shekara da shekaru. Sai dai har yanzu inji ne mai motsi, kuma duk mai motsi yana tsufa.

Abubuwan da ke kashe shi duk muna da su a wadace: jijjigar mota a hanyar Po ko ta Bitu, faɗuwa daga kan benci yana cikin aiki, zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, ƙurar hunturu da ke toshe wa kwamfuta hanyar shan iska, da ɗaukewar wuta da dawowarta da ƙarfi.

Alamomin ciwo

Kamar yadda ba sai an gaya wa dillali cewa saniya ba ta da lafiya ba, da ya ga ta daina tuƙa, kunne ya faɗi, ta ware daga garke, haka rumbu yake da nasa alamu. Kwamfuta ta riƙa daɗewa kafin ta tashi. Ka buɗe takardar lissafi ta tsaya cik minti biyu ko uku. Wani fayil da ka buɗe jiya yau ya ƙi buɗuwa, ko ya fito da rubutun da ba shi da kai ba shi da gindi. Ta riƙa mutuwa da kanta. Ko ta fito da saƙo cewa sai an yi wa rumbun fomat. Mafi muni shi ne ka ji ƙara daga ciki, ƙat, ƙat, ƙat, ko wani ɗan kuka siriri, ko sautin gurza.

Kowane rumbu yana da ma'aunin lafiyarsa a ciki, ana ce masa SMART. Akwai manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo da ke karanta shi: shuɗi lafiya, rawaya a yi hattara, ja kuwa an kai gargara. A 2007 injiniyoyin Google suka fitar da binciken da suka yi a kan rumbuna fiye da 100,000. Sun gano cewa rumbun da aka ga masa tabon farko a fuskar faifai, haɗarin mutuwarsa cikin kwana 60 ya ninka na lafiyayye sau 39. Har wa yau sun gano kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su nuna komai a wannan ma'auni ba. Ma'ana, in ya yi maka kashedi ka yarda da shi, in ya yi shiru kada ka saki jiki.

Abubuwan da ba a yi

Saniya ta kwanta a hanya don gajiya da ciwo, ba mai hankalin da zai tsaya yana zabga mata sanda don ta kai kasuwa. Yakan nemi wuƙa da mahauci tun da sauran numfashi, don a ci nama kada a ja mushe. To haka lamarin yake. Rumbun da ya fara ciwo awoyin da suka rage masa ƙididdigaggu ne, kuma kowace kunnawa tana ci daga cikinsu. Saboda haka:

Na ɗaya, a kashe kwamfutar nan take, a cire ta daga wuta. Kada a yi ta kunnawa ana kashewa wai ko Allah zai sa ta tashi. In allurar ta riga ta taɓa faifai, kowane juyi yana kankare fuskar da rubutunka ke kai, abin da ya zama gari kuwa ba mai iya mai da shi.

Na biyu, in ta ce a yi fomat, a ce a'a. Kada kuma a yarda wani ya sake ɗora mata sabon Windows wai don ta warke. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido: kwamfuta za ta tashi tas, lissafi ya tafi.

Na uku, kada a sa mata manhajar gyaran rumbu ta Windows, wadda ake kira chkdsk, kafin a kwafe abin da ke ciki. Aikinta daidaita tsarin rumbu ne, tana wahalar da shi awa da awanni, kuma tana iya yanke abin da ba ta gane ba ta yar.

Na huɗu, kada a buga shi, kada a sa shi a firji. Wannan tsohuwar dabara ce da ake yaɗawa, amma da an fito da shi raɓa ce za ta kwanta a kan faifai.

Na biyar, kada a kwance murfinsa a shago ko a zaure. Ana buɗe shi ne kawai a wuri na musamman mai tataccen iska. Wanda ruwa ya ci kuwa, kada a kunna shi, kada a shanya shi a rana, don laka da gishirin ruwan za su bushe a kan faifan. A ƙulle shi a leda a kai wa gwanaye da sauri.

Yadda ake ceto

Da farko a tabbatar da wane ne majinyacin. Sau da yawa kwamfutar ce ta mutu, allo ko batir ko uwar allon cikinta, rumbun kuwa lafiyarsa ƙalau. Mai gyara zai zare shi ya haɗa shi da wata kwamfuta ta wata 'yar igiyar USB, sai ga kaya duka. Amma akwai sharaɗi: sababbin Windows sukan kulle rumbu da wani makulli mai suna BitLocker, sai an kawo mabuɗinsa mai lamba 48, wanda galibi yana ajiye a asusun Microsoft na wanda ya fara saita kwamfutar. A tambayi yaro tun yau ko ya san inda nasa yake, a rubuta a takarda a adana.

In rumbun yana juyawa, ba ya ƙara, sai dai nauyi da tsayawa, to faifan ne ya yi tabo a wasu wurare. In har yana buɗuwa, a fara kwafe takardar lissafi kaɗai, ita ce ƙarama kuma ita ce mai tsada, a bar hotunan biki da wa'azi da finafinai. Bayan haka sai a sayi wani sabon rumbu wanda girmansa ya kai na majinyacin ko ya fi, a kwafe tsohon ɗungurungum a kansa, gida bayan gida. Manhajar da aka fi sani da wannan aiki ita ce ddrescue, kyauta ce, tana aiki a kan Linux, kuma wani mai suna Antonio Diaz Diaz ne ya rubuta ta. Hikimarta irin ta makiyayi ce a bakin gulbi: ba ya tsayar da garke duka don raguwar saniya ɗaya, sai ya fara ƙetarar da masu ƙarfi, sa'an nan ya dawo yana lallaɓa ragwayen ɗaya bayan ɗaya. Ita ma tana fara kwashe wuraren da ke karantuwa da sauƙi, ta tsallake masu tabo, daga baya ta dawo musu. Tana kuma rubuta inda ta tsaya, ko da an ɗauke wuta sai ta ci gaba daga nan. Aikin yana iya cin yini, yana iya cin kwanaki. A yi haƙuri, kada a tsaya a kan mai gyara ana cewa mota za ta tashi.

Idan an gama, sai a ajiye majinyacin gefe, duk sauran bincike a yi shi a kan kwafin. A nan ne ake amfani da TestDisk da PhotoRec, su ma kyauta ne, na wani Bafaranshe mai suna Christophe Grenier. Ta farko tana gyara taswirar rumbu in ta ɓace. Ta biyu tana bin faifai tana tsinto fayiloli ko da taswirar ta lalace sarai, sai dai takan kawo su ba sunayensu na asali, kamar shanun da aka tsinto ba shaida a jikinsu, sai mai su ya zauna ya tantance. Haka kuma in kuskuren hannu ne aka goge fayil, a sani gogewa ba ta share rubutun nan take, sunansa kawai take cirewa daga rajista ta ce wurin ya zama fili. Muddin ba a rubuta wani abu a kai ba ana iya samo shi. Shi ya sa ba a sauke manhajar ceto a kan rumbun da ake son ceta, ba a kuma mai da abin da aka ceto a kansa.

In kuwa ƙat-ƙat yake yi, ko ba ya juyawa sam, to babu manhajar da za ta yi magani. Ko dai allurar ta lalace, sai an sauya ta da ta wani rumbu irinsa sak a ɗaki mai tsabta, ko kuma wuta ta ƙona allon bayansa. Shi ma allon ba a cire na wani a liƙa kawai, akwai wani ɗan guntu a jikinsa mai riƙe da ma'aunin wannan rumbu shi kaɗai, sai an ɗauke shi an mayar a sabon allon. Wannan aikin ƙwararru ne, kuɗinsa kuma yakan fi kuɗin kwamfutar. A nan sai maigida ya yi lissafin 'yan kasuwa: nawa ke kwance a ciki, nawa za a kashe.

Kada a yanke ƙauna da wuri. Ranar 1 ga Fabrairu 2003 kumbon Amurka mai suna Columbia ya tarwatse a sama yana dawowa, mutum bakwai da ke ciki suka rasu. Daga baya aka tsinci wani rumbunsa a jihar Texas, ya ƙone ya narke ta waje. Aka kai shi kamfanin Kroll Ontrack, suka zare faifan suka wanke, suka ceto kashi 99 cikin 100 na bayanan binciken da ke kai. Dalili kuwa, ɓangaren faifan da rubutun yake bai kankaru ba, kuma ba wanda ya yi ta kunna shi yana gwadawa.

Sabon samfuri da wayar hannu

Kwamfutocin baya-bayan nan da yawa ba faifai gare su ba, wani rumbu ne da ake kira SSD, ba abin da ke motsi a cikinsa. Ya fi sauri, ya fi jure jijjigar hanya, kuma ga mai yawan tafiya ya fi dacewa. Amma shi ba ya tari, sai dai a wayi gari ya tafi. Abin da aka goge a kansa kuma yakan share shi da kansa ba da jimawa ba, samo shi sai an yi babbar sa'a. Wayar hannu ma haka take, ga shi bayananta a kulle suke da lambar sirrin mai ita. Duk wanda cinikinsa ke cikin muryoyin WhatsApp, ya sa a kunna masa ajiyar Google, ya kuma rubuta adireshin asusun da kalmar sirrinsa a wuri amintacce.

Wa za a ba amana?

Wanda ka miƙa wa rumbunka ka miƙa masa cikinka: wa kake bi, wa ke bin ka, nawa ka sayo, nawa ka sayar. Burkina Faso tana da dokar kare bayanan mutane tun 2004, an kuma sabunta ta a 2021, amma doka ba ta hana a zaɓi mutumin kirki. Ka yi wa mai gyara tambaya uku kafin ka ajiye kaya. Shin zai fara kwafe rumbun a kan wani kafin ya taɓa komai? In ya ce ba buƙata, ɗauki kayanka ka yi gaba. Shin zai nuna maka takardar lissafin ta buɗe a gabanka kafin ka cika kuɗi? Shin zai dawo maka da tsohon rumbun, ya kuma goge kwafin da ya rage a wurinsa? A yi jinga a rubuce, a sa shaida, kamar dai yadda muke cinikin sa.

In duk an yi bai yiwu ba, sai a koma tattara lissafi daga waje tun mutane ba su ji labari ba: tarihin kuɗin da suka shiga suka fita ta Orange Money ko Moov Money, takardun banki, kwafin takardun duwan da na likitan dabbobi, saƙonnin waya, littafin mai mota, da ƙwaƙwalwar dillalan da aka yi ciniki a gabansu. Mai tsoron Allah zai faɗi abin da ake bin sa. Amma mun san kasuwa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Rigakafi

Mu da muka zauna gaban malamai mun san aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Rubutun da aka yi aka bar shi ya ɓace kuwa bai cika manufar ba. Ta fuskar hukuma ma, dokar kasuwanci ta OHADA, wadda ke aiki a Burkina, Nijar, Togo, Binin da Kwaddibuwa, ban da Gana da Nijeriya, ta ce a adana littattafan lissafi da rasit shekara 10, kuma tun gyaran da aka yi mata a 2010 ta yarda a kafa hujja a kan ɗan kasuwa ko da ta hanyar na'ura ce.

Masana sun taƙaita rigakafin da lamba uku: 3, 2, 1. Kwafi uku na lissafinka, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gida dabam. Bafulatani ma ba ya tara shanunsa duka a ruga ɗaya. A aikace ga yadda za a yi: kowace ranar kasuwa da dare yaro ya kwafe takardar lissafi a kan kile USB, ya kuma aika da ita asusun Google, inda ake ba da gigabayit 15 kyauta. Kowane ƙarshen wata a buga ta a takarda, maigida ya sa hannu, a ajiye kwafi ɗaya wurin ɗan'uwa ko maigidanka na Kumasi ko Abijan. Lokaci-lokaci a buɗe kwafin a gani ko yana karantuwa. A sa wa kwamfuta na'urar daidaita wuta, kada a ɗauke ta tana kunne, kada a bar ta cikin mota a rana. Babban littafin nan na da kuma kada a yar da shi, bashi mai nauyi a rubuta shi da alƙalami a gaban shaidu biyu. Kuma kada ya zama yaro ɗaya tak ne ya san kalmar sirri, don rai da tafiya ba su sallama.

Ina roƙon shugabannin ƙungiya a kowane reshe su sa wannan magana cikin ajandar taro mai zuwa, a nemi amintaccen mai gyara guda a kowane gari a sanar da mambobi, a kuma tara yaranmu masu riƙe da lissafi a koya musu kwafi na yini ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya tsare mana dukiyarmu, ta tsaye da ta kwance, ya kai mu kasuwa lafiya ya dawo da mu lafiya, ya ba masu bashi ikon biya.